Yadda Na Je Neman Aure Na Ɓige da Musun Ƙwallo

Cikin duk katoɓarar da na taɓa yi a duniya (kuma Allah ya sani ba kaɗan ba ce), wadda ba zan taɓa mantawa da ita ba ita ce ta ranar Asabar ɗin da na je gaida mahaifin Ramla a Birmingham. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai, ko a cikin bas nake, sai in ji na ce "kai!" da ƙarfi, mutane su juyo suna kallona.

Bari in fara da faɗa muku ciwona. Wani jarabarsa shayi, wani siyasa, ni tawa ƙwallon jami'o'i ce. Ba manyan ƙungiyoyin da ake nunawa a talabijin ba, a'a, wasan ɗalibai da ake bugawa ranar Laraba da rana, a filin da 'yan wasa suka fi 'yan kallo yawa. Na kamu da ciwon ne lokacin da na zo Manchester yin digiri na biyu. Na shiga ƙungiyar jami'armu, na kuma yi mata hidima bakin gwargwado (wato na ɗumama benci, na ɗauki gorunan ruwa, sau ɗaya kuma aka sako ni ana dab da tashi, ƙwallo ta taɓa gwiwata). Na gama karatu na kama aiki, amma ciwon bai sake ni ba.

Ita gasar an raba ta rukuni-rukuni ne bisa yanki. Akwai rukunin Arewacin Ingila inda muke, akwai na Midlands inda Birmingham take, akwai na Kudu. Kowa a gidansa yake buga nasa, ba a cika haɗuwa ba sai a gasar kofi. To a nan daɗin musun yake, domin inda babu ƙasa ake gardamar kokawa. Kowa sai ya ce nasu rukunin ya fi ƙarfi, kuma babu mai iya ƙaryata shi. Ni aƙidata guda ce: ƙungiyar da ta zo ta kashin baya a Arewa, idan aka kai ta Midlands, ita za ta zama zakara. Duk mako sai na jera ƙungiyoyin ƙasar daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe na tura wa abokaina a waya. Babu wanda ya sa ni, babu wanda ya taɓa gode mini. Ramla takan ce ni ɗan Arewa ne sau biyu, na Najeriya da na Ingila, shi ya sa taurin kan ya ninku.

Ramla haifaffiyar Birmingham ce, aiki ya kawo ta Manchester, a nan muka haɗu. Magana ta yi nisa har ta kai ga sai mahaifinta, Alhaji Bala, ya gan ni. Idan na yi masa, ya ba da izinin in turo magabata. Idan ban yi masa ba, shi ke nan, domin Ramla ta faɗa mini tun farko ba za ta tsallake maganarsa ba. Kuma kafin ni ya taɓa sallamar wani da kalma ɗaya, ya ce yaron ba shi da nutsuwa.

"Daddy ba ya son surutu," ta ce da ni ana gobe za mu je. "Please, abin da aka tambaye ka kawai za ka amsa."

Baffa Sani ne ya raka ni. Ƙanin mahaifina ne a dangi, yana da shago a kan titin Stockport Road a unguwar Levenshulme ta Manchester, shi ne kuma uba a gare ni a ƙasar nan. Tun daga ƙofar shagonsa har muka shiga Birmingham huɗuba yake yi mini. "Ka zauna a ƙasa. Ka sunkuyar da kai. In an kawo abinci ka ci kaɗan. Baki shi ke yanka wuya, kai kuma naka ba shi da linzami." Na ce haba Baffa, sai ka ce wani yaro.

Mun samu Alhaji a falo, siririn dattijo mai tabarau, ma'aikacin asibiti ne, ya daɗe a Ingila tun kafin a haife ni. Kusa da shi akwai amininsa, Uncle Danladi, mutumin kudancin Kaduna, dattijon coci, mai ƙiba da dariya. Tare suka zo ƙasar, tare 'ya'yansu suka tashi, kuma Ramla ta ce ba a yanke wata shawara a gidan nan ba tare da shi ba.

Da farko wallahi na yi abin a yaba. Na zauna a kan kafet, na naɗe ƙafa cikin sabuwar shaddata, kaina a ƙasa. Uncle Danladi ke tambaya, ina amsawa: aikina, iyayena a Zariya, masallacin da nake zuwa. Alhaji kuwa daga "to" sai "madalla". Ana sanyi a waje amma gumi nake yi, don na kasa gane ko na yi masa ko ban yi masa ba. Aka kawo masa da miyar taushe, na ci biyu na janye hannu, cikina yana kuka. Har Baffa ya ɗan gyaɗa mini kai.

Sai Uncle Danladi ya kurɓi shayi ya ce, "An ce kai ma ka buga ball a uni?"

"Kaɗan-kaɗan, Uncle."

"A North ko? Ayya, sai haƙuri. Ai ball na gaske a Midlands yake. Yaranmu na nan su ne number one a ƙasar nan, ba wanda ya ci su bana."

Baffa ya yi tari. Na ji tarin, na kuma fahimci tarin. Na haɗiye maganar, ta dawo. Na sake haɗiyewa, ta sake dawowa. Na ce a raina bari in ɗan gyara masa cikin ladabi, jimla ɗaya tak, in koma in yi shiru.

"Uncle, da ɗan gyara. Ba a ci su ba, gaskiya ne. Amma da wa suka buga?"

Shi ke nan, kamar an ɓalle bakin famfo. Ya ce su ne a saman teburi. Na ce rashin farin wata ne tauraro ke haske, a Arewa duk Laraba yaƙi ake yi cikin ruwa da taɓo, babu ƙungiyar da za ka je wurinta hutu. Ya ce to bara wa ya fitar da 'yan Arewa daga gasar kofi? Na ce rabin 'yan wasan suna jarrabawa ne, kuma motarsu ta makale a hanya, ko miƙa jiki ba su yi ba. Na kawo masa hujjar da nake ji da ita: mun ci wata ƙungiya, ita kuma ta ci wata, waccan kuma ta yi kunnen doki da su, saboda haka mun fi su. Ya ce wannan lissafin dokin Rano ne, in dai haka ne, 'yan firamaren unguwarsu ma sun fi kowa a duniya.

Ban san lokacin da na tashi daga zaune na koma kan gwiwoyi ba. Ban san lokacin da na fara nuna dattijo da yatsa ba. Baffa yana jan gefen rigata, ina fizgewa. Alhaji dai yana zaune, bai ce uffan ba, kuma shirun nasa ya fara damuna. Na ji ina bukatar hujjar da za ta kashe bakin kowa, ta yadda shi ma zai ga cewa ba haka kawai nake ɗaga murya ba.

Sai na tuna da bidiyon. A watan nan akwai wani ɗan gajeren bidiyo da muke ta yawo da shi a tsakaninmu. Golan ƙungiyar Birmingham ɗin ne, ɗan bayansa ya dawo masa da ƙwallo a hankali, ya ɗaga ƙafa zai sheƙa ta, ya shuri iska. Ƙwallo ta bi ta ƙarƙashinsa tana gangarawa, ya bi ta da gudu, shi da ita suka zube cikin raga. Daga nesa aka ɗauka, ba a ganin fuska, sai riga ruwan lemo da hular hana sallah. Mu Rariya muke ce masa.

Na miƙa wa Uncle Danladi wayar. "Ga golan number one ɗin naku."

Dariyar fuskarsa ta ɗauke. "Kuskure ɗaya ne wannan," ya ce. "Yaron nan ya fi kowane keeper a league ɗin. Ka mayar da wayarka aljihu."

Da mai hankali ne, da a nan ya tsaya. Ni kuwa sai na ga alamar nasara ce, na ja gwiwa zuwa gaban Alhaji. "Baba, don Allah a duba, a raba mu."

Ya karɓi wayar. Ya kalla har ƙarshe, ya bari ta sake maimaitawa. Ya cire tabarau ya goge da gefen jallabiyarsa, sannan ya ce, "Wannan ai ba ya iya komai. Shirme kawai yake yi."

Jama'a, wannan ce cikakkiyar jimla ta farko da mutumin nan ya yi mini tun da na shigo, kuma goyon bayana ya yi! Daɗi ya kama ni har cikin ƙashi. Na ce a raina aure ya ɗauru. Sai na miƙe tsaye (ina roƙon ku da ku yi mini uzuri) na kwaikwayi golan a tsakiyar falon. Na ɗaga ƙafa, na shuri iska, na juya na bi ƙwallon da babu ita, na zube a gefen kujera, saura kaɗan in kifar da fulas ɗin shayi. Daga kwancen na ɗago na ce, "Baba, ni wallahi da ɗana ne wannan, da na hana shi amfani da sunana."

Alhaji ya ce, "Haka ne."

Babu wanda ya yi dariya. Uncle Danladi ya ajiye kofinsa a hankali. Baffa ya rufe fuska da tafin hannu. A kicin, inda Ramla da mahaifiyarta ke ta ƙarar tukwane tun ɗazu, sai na ji tsit.

Ina nan a ƙasa aka murɗa mukulli a ƙofar gida, aka yi sallama da irin harshen 'yan Birmingham. Wani dogon saurayi ya shigo da jaka a kafaɗa, safar hannun gola na lilo a jikinta, a ƙarƙashin jaket ɗinsa kuma riga ruwan lemo. Daga kicin na ji muryar Ramla, ƙasa-ƙasa kamar mai shirin kuka: "Yaya Abba."

Ya durƙusa ya gaida Alhaji. Alhaji ya amsa yana kallon bango. Sannan saurayin ya juyo wurina da fara'a ya miƙo hannu. "You must be the Manchester guy. Sannu da zuwa." Wayata tana nan a kan kafet tsakaninmu, bidiyon yana ta maimaita kansa. Ya leƙa, ya ce, "Oh, that one. Har Manchester ya kai?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Na san Ramla tana da wa mai karatun likita, yana zaune da abokansa a unguwar Selly Oak, ban dai taɓa haɗuwa da shi ba. Ta ma taɓa cewa yana ɗan buga ƙwallo, ban tambaye ta a ina ba, saboda a lokacin ina tsaka da yi mata bayanin rukunin Arewa. Shi ne ɗan fari, sunan mahaifin Alhaji ne da shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ba baƙon alkunya ba ne. Mahaifina a Zariya bai taɓa kiran sunan babban wanmu ba. Idan aka yabe shi sai ya kawo wani zancen, idan aka kushe shi sai ya ƙara gishiri, kuma ko yaron goye a gidanmu ya san wannan ba izini ba ne. Na ɗauka ne kawai mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a asibitin Turawa, wanda 'ya'yansa ke ce masa Daddy, ya bar wannan a filin jirgin Kano.

Sallamar ba ta yi tsawo ba. Alhaji ya ce ya gode da zuwa, za mu ji daga gare su. Muna shiga mota na ce, "Baffa, bari in koma in ba shi haƙuri."

"Haƙurin me?" ya daka mini tsawa. "In ka ba shi haƙuri, ka ce masa ke nan ya ji zafi don an taɓa ɗansa na fari. So kake ka tona masa asiri sau biyu a yini ɗaya?"

"To yaya zan yi?"

"Abin da ya kamata ka yi tun ɗazu. Shiru."



Kwanakin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gan su. Ramla ba ta ɗaga wayata, saƙo ɗaya ta turo: "Mummy ta ji komai." Abinci ya daina shiga. Tsoro nake ji na gaske, don ina son yarinyar nan, ga shi zan rasa ta a kan wasan da ko iyayen 'yan wasan ba sa zuwa kallo. Laifin kuma ba a isa a ambace shi ba, balle a yafe. Na nemo lambar Abba na kira shi. Shi dariya ma ya yi, ya ce kocinsu ya faɗa masa abin da ya fi wannan. "Amma Daddy ba ya zancenka kwata-kwata, mate," ya ce. "That's not good."

Daga ƙarshe Uncle Danladi ne ya kira, ya wanke ni tas. "Yaron nan a hannuna ya girma. Abin da ubansa ba zai iya faɗa ba, ni ke faɗa, shi ya sa nake zaune a falon nan." Na yi ta ba shi haƙuri, tunda shi dai an yarda ya yi fushi. Da ya huce ya ce ranar Laraba akwai wasan kofi a filin su Abba, kuma da jami'armu aka haɗa su. "Ka zo ka tsaya a bayan ragarsa ka gani da idonka. Ban yi maka alkawarin komai ba."

Na ɗauki hutu a wurin aiki na hau jirgin ƙasa. Ana yayyafi, na je na tsaya a bayan ragar Abba kamar wanda aka sa wa horo. Tsohon kocinmu ya hango ni, ya nuna wa yaransa, suka fara yi mini ihun maci amana. Da abin ya ishe ni sai na ja da baya zuwa wurin shingen da ke kusa da inda ake ajiye motoci, in ɗan ɓuya.

Ashe akwai wanda ya riga ni ɓuya a wurin. A gindin wata bishiya, cikin ƙatuwar rigar sanyi, an ja lema har ta rufe fuska, wani dattijo yana zaune a kan 'yar kujerar naɗewa. Lemar ta ɗan ɗaga, muka haɗa ido. Babu hanyar gudu gare ni, babu gare shi. Na durƙusa a cikin taɓo na gaishe shi.

"Wucewa nake yi," Alhaji ya ce. "Hanyar asibiti ce."

Na ce haka ne, Baba. (Asibitin yana can ɗaya ɓangaren, kuma ban taɓa ganin mai wucewa da kujera da fulas ba.)

Na tsaya a gefensa. Wasa ya yi zafi, babu wanda ya ci wani. Duk lokacin da ƙwallo ta nufi ragar Abba sai in ga hannun dattijon ya damƙe mariƙin lemar. Ana dab da tashi alƙalin wasa ya ba jami'armu bugun daga kai sai mai tsaron gida. Na san yaron da zai buga, ba ya ɓarar da irin wannan. Alhaji ya miƙe tsaye. Ni kuwa, a karo na farko a rayuwata, na sami kaina ina addu'ar kada ƙungiyata ta ci, duk wadda ta zo bakina.

Yaron ya buga ta can ƙasan kusurwa. Abba ya yi tsalle ya miƙe gaba ɗayansa, ya doke ta waje da yatsu.

Lema ta yi sama. Alhaji Bala, mai "to" da "madalla", ya daka tsalle yana kabbara, ya damƙi kafaɗata yana jijjiga ni har hulata ta faɗi. Sai kuma ya tuna ko shi wane ne. Ya sake ni, ya ɗauko lemarsa, ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya.

"Sa'a ce kawai," ya ce. "Ba ya iya komai." Ya kallo ni ta gefen ido.

Na ce, "A yi mini afuwa, Baba, amma ban yarda ba. Wannan ba sa'a ba ce, iyawa ce. Duk ƙasar nan, Arewa da Kudu, ban ga gola irinsa ba."

Ya mayar da kallonsa fili. Idonsa ya kawo ruwa, wataƙila yayyafin ne. Sannan ya naɗe kujerarsa ya ce, "Kai dai ka cika musu." Ya yi taku kaɗan ya tsaya, bai juyo ba. "Ka ce wa baffanka ya kira Danladi. Kuma ba ka gan ni a nan ba."

Na zauna daɓas a kan ciyawa mai ruwa. A ƙarin lokaci suka zura mana ɗaya suka fitar da mu daga gasar, kuma ban taɓa jin daɗin shan kashi irin na ranar ba. (Idan kun san Alhaji, ba daga bakina kuka ji ba.)

Abin da na koya shi ne, a gidan surukai musu ɗaya ne tak ya halatta: idan dattijo ya kushe ɗansa, kai naka ka ƙaryata shi. Maganar rukuni kuwa, har gobe Arewa ta fi Midlands, iska ce ta cuce mu ranar. Sai dai yanzu ba na faɗa sai motarmu ta wuce garin Stoke a hanyar dawowa, shi ma sai na leƙa na tabbata Ramla ta yi barci.